Ni ma kafaɗata ta taɓa sagewa, ga abin da na zubar daga jakata

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, kamar labarina kake bayarwa. Ka ce kafaɗarka ta dama ta fara sagewa saboda jakar aiki, kana neman me za ka bari a gida, me za ka riƙa fita da shi. Shekara uku na yi ina yawon tattara bayanai a ƙauyuka da jakar da ko yaron mota ya ɗaga sai ya tambaye ni ko dutse na zuba. Ranar da na ɗora ta a sikelin wani mai hatsi, kilo 7 ta yi.

Da na zazzage ta a tabarma, rabin kayan na "ko da za a buƙata" ne. Caja uku, filash huɗu, doguwar wayar soket mai baki shida, littafin rubutu biyu, har da tsohuwar wayar da ban kunna ba tun bara. Duk abin da ka yi sati biyu ba ka taɓa ba, fitar da shi.

Babban nauyin dai laftof ce da cajarta. Tsohuwa tawa mai inci 15 ta haura kilo 2, ga wannan tubalin cajar da ke bin ta. Na sayar na cika kuɗi na karɓi mai inci 13 'yar gwanjo, kilo ɗaya da 'yan kai. Ka tabbata wadda za ka saya tana shan caji ta bakin USB-C, domin a nan sauƙin yake: kan caja ɗaya mai wat 65, irin ƙananan nan da ake rubuta GaN a jikinsu, zai ɗauki laftof da waya da fawa banki duka. Igiyar ma ka duba ta, da yawa iyakarsu wat 60, wasu kuma ko rabin haka ba sa kaiwa.

Amma fawa banki, don Allah ka saurare ni a kan wannan. Wani mai shago, wanda har gaisawa muke yi idan mun haɗu a masallacin Juma'a, ya sayar mini da ɗaya an rubuta 50,000mAh a jikinsa, wato yawan wutar da yake ɗauka. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Malam, ji nauyi, ai nauyin ne shaida." Ya rantse da Allah har sau biyu ban ce ya rantse ba. Na biya ban nemi ragi ba saboda kunya. Sati biyu bayan nan ina wani ƙauye da ba wuta, bayanan gida arba'in suna cikin wayata, ƙarfe shida na yamma za a rufe karɓar bayanan. Waya ta sauko kashi 4, na jona, ya yi minti goma ya ɗauke ɗif. Na girgiza shi, na hura bakinsa, na canja igiya, har rana na shanya shi kamar mahaukaci. Na hau acaɓa zuwa bakin titi wurin mai cajin janareta, kafin waya ta farfaɗo an rufe. Aikin kwana biyar, ba a biya ni ko sisi ba, kuma ba su sake kirana ba. Da na dawo na ɓalle shi da sukuddireba. Batir biyu ƙanana ne a ciki, sauran wurin ƙullin yashi ne a leda. Yashi! Ashe yashi nake goyo a bayana ina ciwon kafaɗa. Na kai masa, mutumin nan ya dube ni ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma ai na buɗe, ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Har yau in na hango shi sai na sauya layi.

To, mai 20,000mAh na gaske ya ishe ka, nauyinsa bai cika kai rabin kilo ba. In kana so ya ɗauki laftof, sai wanda aka rubuta PD mai wat 45 ko 65, na gama-gari waya kawai suke iyawa. Kar ka sa ran samun duk abin da aka rubuta, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya wajen juya wutar. In kana hawa jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma ƙa'idar ita ce kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Kar ka bar shi a mota cikin zafin Afrilu, batirin kumbura yake yi.

Ita kanta jakar, ka daina ratayawa a kafaɗa ɗaya, shi ne ya jawo maka wannan. Nemi ta goyo mai hannu biyu, mara ƙyalli, wadda ba tambarin kamfanin kwamfuta a jikinta. A cikin a daidaita sahu ka juyo da ita gaba ka rungume, kar ka zauna a baki kana latsa waya, ka san halin da ake ciki da masu ƙwace.

MiFi, 'yar na'urar nan ta raba intanet, na ajiye shi, layi biyu a waya ɗaya sun wadatar da ni, sai dai wayar tana zafi in na daɗe ina raba data. Linzamin kwamfuta ma na bari, amma in zane kake yi kar ka biye mini. Babbar leda guda ba ta barin jakata, da damina ruwa, da hunturu ƙura. In aikinka yana kai ka Maraɗi ko Damagaram, saka ɗan adafta, soket ɗinsu mai zagayayyen rami biyu ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga.

Yanzu jakata kilo 3 ce har da gorar ruwa. In sagewar ta fara sauka zuwa yatsu, je asibiti, kar ka tsaya shafa man zafi kamar yadda na yi wata shida. Wace irin laftof ce a hannunka yanzu? Faɗa mini in duba maka ko tana shan USB-C.