Amfilifaya ko manhaja: da wanne zan naɗi jita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jitar lantarki, irin kiɗan nan mai zafi na mutanen Agadas. Na tara 'yan kuɗi zan fara naɗar waƙoƙina a ɗaki. Abokaina sun ce in ban sayi amfilifaya mai bawul da makirufo ba, sautin zai fito ba rai. Wani kuma ya ce manhajar kwamfuta ta wadatar. Wanne zan bi?
Daga wani mai karatu a Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ka fara da manhaja, wato irin wadda ke kwaikwayon sautin amfilifaya a kwamfuta. Amma abokanka ba banza suke faɗa ba, don haka bari in ba su haƙƙinsu tukuna.

Amfilifaya mai bawul, wato mai ƙwayayen gilashi a ciki da ke ƙara ƙarfin sauti, irin su Vox AC30 ko Marshall JCM800 da ta fito a 1981, daɗinta yana fitowa ne idan an ƙure mata murya har bawul ɗin suka fara gurnani. A nan ne take bin hannunka: ka taɓa waya a hankali ta fito garau, ka doke ta da ƙarfi ta kece. Iskar da lasifika ke turowa kuma tana komawa kan wayoyin jitar, sai ka ji sauti ɗaya ya tsaya yana kuka bai mutu ba. Wannan kam ina ƙaunarsa, kuma har yau shi ne abin da manhaja ta fi shan wuyar kwaikwaya idan da abin kunne kake saurare.

To amma dubi ɗakinka. Ƙarar da amfilifayar ke so ba ta gidan da ake da maƙwabta ba ce. Ɗaki ƙarami mai bangon siminti da rufin kwano yana mayar da sauti, makirufo kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya ji zai ɗauka. Ko makirufon da aka fi sawa a gaban lasifika, Shure SM57, in ka gusar da shi da faɗin yatsa biyu daga tsakiyar lasifikar zuwa gefe, sautin ya sauya daga mai kaifi zuwa mai duhu. Koyon wannan sana'a ce mai zaman kanta. Ga kuma wuta: amfilifaya mai bawul ba ta son wutar da ke hawa da sauka, bawul ɗin suna tsufa, samun na canji da mai gyara kuma aiki ne a wajenmu. Kada ka taɓa kunna ta ba tare da lasifika a jone ba, tana iya ƙonewa.

Ita kuwa manhaja ta yi nisa. Waɗanda ke kushe ta da yawa sautin POD, na'urar kwaikwayon amfilifaya ta kamfanin Line 6 ta 1998, ne ya maƙale musu a kunne. Tun daga na'urar Kemper a 2011 aka shiga auna amfilifaya ta gaske ana kwafo halinta, yanzu har akwai Neural Amp Modeler, wadda kyauta ce. Idan jita ta shiga cikin ganga da bas da murya, ni dai ba kasafai nake iya rantsewa cewa wannan ta gaske ce, waccan manhaja ba.

Inda mutane ke ɓata ta shi ne mashiga. Ka sa kuɗinka a na'urar shigar da sauti mai kyau, kamar Focusrite Scarlett, ka danna maɓallin INST kafin ka jona jita, ka rage ƙarfin shigar don kada fitilar na'urar ta yi ja. Ka saita buffer, wato saitin da ke rage ko ƙara jinkirin sauti a kwamfuta, a kan 128 ko ƙasa, domin in sauti yana makara bayan ka taɓa waya, hannunka zai yi sanyi, kiɗan Agadas kuwa a kan saurin yatsu yake. Kada ka cika gain, wato saitin da ke sa sauti ya kece, rabin abin da kunnenka ke nema ya isa. In sautin bai yi maka ba, ka fara sauya lasifikar cikin manhajar, wadda suke kira IR, kafin ka sauya amfilifayar, don a nan galibin bambancin yake. In ka ji "zzz", ka zare cajar kwamfuta ka naɗa da batir, ka kuma juya jikinka da jitar har ka sami gefen da ƙugin ya lafa. Sannan ka sa sababbin wayoyi ranar naɗi.

Abin da ya fi burge ni a wannan hanya: kwamfutar tana ajiye sautin jitarka tsura, kafin manhaja ta taɓa shi. Kada ka goge shi. Ran da ka sami situdiyo mai amfilifaya ta gaske a Yamai ko Kano, za a tura wannan sautin zuwa cikinta ta ƙaramin akwatin reamp, mai mayar da sautin da aka naɗa kamar daga jita yake fitowa, a sa makirufo a naɗa, ba sai ka sake kaɗa komai ba.