Za a Shafe Tsohon Gidan Yarinmu da Siminti, Gyara Ne Ko Ɓarna?

Tambaya: Malam, a garinmu akwai tsohon gidan yarin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, ginin ƙasa tun zamanin Turawa. An kwashe fursunoni, katanga ta fara zaizayewa. Wani ɗan kwangila ya ce zai shafe shi da siminti a yi fenti ya zama gidan tarihi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Irin waɗannan gidaje, da ke hannun Yari har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su daga En'e, kaɗan suka rage. Na Kurmawa a Kano tun 1910 yake. Na gwamnatin Turawa da ke titin Broad a Legas an rushe shi a 1979, sai a 2010 aka mai da filin wurin shaƙatawa da tunawa, bayan yawancin ginin ya tafi.

Maganar siminti kuwa, kullum sai an kawo ta, kuma ita ce ke kashe ginin ƙasa. Bangon tubali yana jan danshi daga tushe, ya fitar da shi ta fuskarsa ya bushe. Da ka lulluɓe shi da siminti ka toshe masa hanyar. Danshin ya taru a ciki, gindin bango ya koma kunu, gara ta samu gida. Kuma siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare in rana ta buga, dole shafen ya tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje gini sumul da fenti, ciki ya ruɓe. Je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango bayan damina biyu ko uku, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ran da zai faɗi, a watan Agusta, gaba ɗaya yake kifewa, wani lokaci da mutane a gindinsa. Ɗan kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa, sai a ce ai ginin ƙasa ba ya ƙarko. Ƙarya ne, shafen ne ya kashe shi. Abin takaici, masu sa hannu a takardar ba sa zuwa su ga bangon da idonsu.

Ku fara da sama. A duba azara, a canza wadda gara ta ci, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a karkata ƙasar tsakar gida ruwa ya gudu waje. Sannan a nemo maginan gargajiya su yi yaɓe da ƙasa irin ta ginin, hawa biyu ko uku, kowanne bai wuce kaurin yatsa ba, a bar shi ya bushe kafin na gaba, a rufe da makuba, shafen nan da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Inda aka riga aka sa siminti, a ɓamɓare shi da hannu cikin rani, kaɗan-kaɗan, bayan an tokare rufin.

Cikin ɗakunan kuma kada farar ƙasa ta taɓa su. Zanen ƙirgen kwanaki da addu'o'in da ɗaurarru suka karce a bango, da zoben ƙarfe na mari, da ƙofofin, su ne tarihin. A ɗauki hotonsu ɗaki-ɗaki, a tattara rajistar fursunoni kafin ɓeraye su gama da ita, ku rubuta wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun kafin a sauke buhu ɗaya na siminti a ƙofar.