Sauti yana tsinkewa idan ana naɗa a 96 kHz

Malam, ka ce kana naɗar karatun ɗalibai a Jidda a kan 96 kHz (wato ana ɗaukar samfurin sauti sau 96,000 a kowane sakan) da bit 24 (girman kowane samfuri), sai ka riƙa jin ƙas-ƙas, wani wurin kalma ta ɓace. Laifin bafa ne, wato ɗan rumbun da sauti ke taruwa kafin kwamfuta ta kwashe. Idan ta makara, rumbun ya cika, abin da ya biyo baya ya zube.

A 96 kHz, bafa mai samfuri 128 bai kai milisakan ɗaya da rabi ba. Ɗaga shi zuwa 1024, ka sami kusan milisakan 11. Jinkirin da babban bafa ke kawowa ba zai dame ka ba, tunda ba kiɗa kake bi ba. A Windows, sa direban ASIO (manhajar da ke haɗa sauti da kwamfuta kai tsaye) na na'urar naɗar sautinka, ka cire ta daga mahaɗar USB ka soka kai tsaye, ka kashe Wi-Fi. Manhajar LatencyMon za ta nuna maka direban da ke riƙe wa kwamfutar wuya.

Kada ka raina zafin Jidda: laftof idan ya yi zafi yana rage gudu da kansa. Ni dai, muryar mutum, 48 kHz ta ishe ta.