Da'irar layi biyu, akwatin tuƙi biyu: me ya sa jirgin ke tsayawa a mahaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na shimfiɗa ƙaramin layin dogo na kwaikwayo, girman HO (wato jirgin gaske da aka ƙanƙanta sau 87), a kan tebur. Da'ira biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kowace da akwatin tuƙinta na DC (wuta mai bin hanya ɗaya, irin ta batir), kuma akwai mahaɗa da ke kai jirgi daga ta waje zuwa ta ciki. Da zarar kan jirgin ya hau mahaɗar sai ya yi tartsatsi ya tsaya cak, wani lokaci kuma akwati ɗaya ya riƙa jan jiragen duka biyu. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Injinka lafiya lau yake, matsalar tana cikin mahaɗar. A tsarin DC ƙarafan layin nan guda biyu su ne wayoyin da ke kai wa injin wuta. Akwatin tuƙi yana ba su daga sifiri zuwa kamar volt 12. Yawan wutar shi ne gudun jirgi, ƙarfen da jar waya (+) take a kai kuma shi ke nuna inda jirgi zai dosa. To, ƙananan mahaɗan ƙarfe da ka soka tsakanin layukan sun mayar da da'irorin biyu abu ɗaya ta fuskar wuta, sai akwatunan suka shiga kokawa. Abin ya fi muni idan jiragen suna tafiya ne a saɓa, ɗaya dama ɗaya hagu, domin a lokacin jar wayar wannan akwati tana karo da baƙar wayar wancan. Tartsatsin da ka gani ke nan. Kada ka ci gaba da gwadawa a haka, akwatin zai iya ƙonewa.

Abu na farko: ka je tsakiyar mahaɗar, inda makarkatan biyu, wato sassan da ke karkatar da jirgi daga layi zuwa layi, suka sumbaci juna, ka zare mahaɗan ƙarfe ka sa na roba a ƙarafan duka biyu. Idan layin ya riga ya manne da tebur, yanka shi da siririn zarto, ka cusa ɗan ɓallin roba a tsagar da gam, don kada zafi ya miƙar da ƙarfen ya sake haɗewa.

Sai dai rabawa kaɗai ba ta gama aikin ba. Lokacin da injin ke tsallaka tsagar, tayoyin gaba suna da'ira ɗaya, na baya suna ɗayar, shi kansa ya zama gada tsakanin akwatunan. Wasu suna daidaita akwatunan biyu da hannu kafin jirgi ya iso. Yana yi, amma ni ba na son wannan hanya, domin ranar da ka shagala ka koma gidan jiya. Abin da na fi so shi ne akwatin da ya taso da jirgi ya raka shi har inda za shi. Nemi makunni mai ƙafa shida wanda ke mutuwa a tsakiya, irin wanda ake kira DPDT, guda ɗaya ga kowace da'ira. Ƙafafu biyun tsakiya su tafi layi, biyun sama su tafi akwati na ɗaya, biyun ƙasa na biyu. Za ka tsallaka? Mayar da makunnan duka biyu kan akwati ɗaya, jirgi ya wuce sumul. Ka kula wayar da ta tafi ƙarfen waje a wannan da'ira, irinta ce za ta tafi ƙarfen waje a ɗayar. Jirgi na biyu kuma yana bukatar wurin jira: ware wani yanki mai ɗan tsawo da mahaɗan roba, ka ba shi nasa makunnin, ka kashe shi a nan.

Tunda za ka shiga ƙarƙashin tebur, ja wayoyin tagulla biyu masu kauri, kamar 1.5mm², su bi kowace da'ira, ka riƙa fito da siraran wayoyi kana liƙa su da dalma a gefen waje na ƙarfen, kusan kowace mita ɗaya. Ƙarfen layin ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla, mahaɗansa kuma suna sakewa, shi ya sa jirgi ke yin sanyi a nesa da akwati. A lokacin hunturu ka riƙa goge ƙura daga saman layin da tsumma mai laushi.

Idan jiragenka sun kai uku ko huɗu, ka yi tunanin DCC, tsarin da ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, NMRA, ƙungiyar masu layin dogo na kwaikwayo ta Amurka, ta mayar da shi mizani. A can wuta tana kan layi koyaushe, kowane inji yana da 'yar na'ura mai lambarta, sai ka kira lamba ka tuƙa wanda kake so. Amma kada DC da DCC su taɓa haɗuwa a layi ɗaya. Kuma in akwatinka daga Amurka ya zo, karanta jikinsa kafin ka jona: nasu volt 120 ne, namu 230, sai da taransfoma mai rage wuta.