An naushi ƙanena a hanci, sai an yi tiyata?

Malam, ka ce an kai wa ƙanenka naushi a filin ƙwallo, hancin ya kumbura har ya ɗan karkace. Allah ya ƙara sauƙi.

Ba kowace karayar hanci ce ake yi wa tiyata ba. Kumburi kan ɓoye ainihin ɓarnar, don haka likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan bari ya sace tukuna, kamar kwana 5, sannan ya sake dubawa. In ƙashin ya goce, ana mayar da shi mazauninsa kafin mako 2. Aka wuce haka ƙashi ya kama a karkace, gyara sai babbar tiyata, ita ma bayan kamar wata 6. Nan ne mutane ke yin sakaci.

Amma yau ɗin nan ka haska masa tocila cikin hanci. In ka ga wani ƙullutu mai laushi a bangon da ya raba kafofin biyu, jini ne ya taru. Ba a kwana da shi, don guringuntsin kan mutu, hanci ya lotsa. Haka in ruwa garai-garai na ɗiga, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an matse minti 15, ku tafi asibiti nan take.

Kafin nan, ƙanƙara a tsumma, kuma kar ya fyace.