Shafin Intanet Na Shago: Ado Za A Biya Wa Kuɗi Ko Tsari?

Wani mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Masu gina shafin intanet biyu sun yanka masa farashi: na farko ya nuna masa shafi mai hotuna masu motsi a kan kuɗi kaɗan, na biyu kuma ya nemi kusan ninki biyu, yana ta maganar tsarin shafi da rubuta HTML, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, yadda ya kamata. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, ni dai na biyun zan ba ka shawara, amma sai ka gwada aikinsa tukuna. A shagonka ba ka cakuɗa leshi da shadda a kanta ɗaya, domin mai saye ya ga abin da ya zo nema tun daga bakin ƙofa. Jerin mashigai da ke saman shafi, wato sunayen da ake latsawa a shiga sassansa, shi ne wannan kantar, kuma ya kamata ya ɗauki sunayen da masu saye ke faɗa da bakinsu: shadda, atamfa, leshi, farashi, lambar waya.

Maganar HTML kuwa ba cika baki ba ce. Tun da aka tabbatar da HTML5, sigar HTML ta biyar, a shekarar 2014, akwai alamomi irin su nav da main da ke bayyana wa na'ura inda mashigai suke da inda ainihin bayani yake. Google na amfani da kanun shafi da rubutunsa wajen fahimtar abin da kake sayarwa, haka ma TalkBack da ke karanta wa makaho allon wayarsa. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne yadda ake rubuta sunan kaya da farashinsa a cikin hoto, irin wanda ake ɗorawa a WhatsApp, alhali rubutu ne ya kamata ya ɗauke su, kowane hoto kuma a ba shi bayaninsa.

Ga gwajin. Ka karɓi wani shafi da ya taɓa ginawa, ka buɗe shi a ƙaramar wayar yaron shagonka, da datarsa, ka ce ya nemo farashin kaya ɗaya da lambar mai shi. Idan ya tsaya yana lalube, akwai matsala, musamman da yake tun 2018 Google ya fara fifita sigar waya wajen tantance shafuka.

Kada ka biya kuɗin gaba ɗaya kafin a gama, kuma ka tabbatar an yi rajistar adireshin shafin da sunanka, ba da sunan mai ginawa ba.