Yaya Ake Janyo Maganar Wani Idan Za a Ba Shi Amsa a Guruf?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A guruf ɗinmu na aiki, wasu kan kwafo dogon saƙon mutum ɗungurungum, su rubuta "haka ne" a ƙarƙashi. Wasu kuma ba sa janyo komai, sai ka rasa da wa suke. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Duk su biyun sun gajiyar da mai karatu. Wanda ake ba amsa ya san abin da ya faɗa; ana janyo maganarsa ne domin sauran jama'a, musamman wanda ya buɗe wayarsa bayan sa'o'i ya tarar saƙonni sun taru. Don haka ki janyo iya abin da zai sa wannan mutumin ya gane zancen, ki bar sauran.

Wannan ladabi ya daɗe. A watan Oktoba na 1995 aka fitar da takardar ƙa'idojin mu'amala a intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta. Ta ce a taƙaita saƙon farko a sama, ko a kawo daidai abin da zai haska maganar, kada a maimaita shi baki ɗaya. A lokacin galibi ta layin tarho ake shiga intanet, kowane layin rubutu yana cin lokaci. Yau intanet ta yi sauri, amma haƙurin mai karatu bai ƙaru ba.

A WhatsApp, tun 2016 ana iya janyo saƙo a ba shi amsa kai tsaye. Sai dai idan saƙon dogo ne, farkonsa kawai yake bayyana, saboda haka idan mutum ya yi tambaya uku a saƙo guda, ki faɗi wacce kike amsawa. Telegram kuwa tun 2023 yana barin a zaɓi jimlar da ake so kaɗai. A imel ana sa alamar > a farkon layin da aka ɗauko, a rubuta amsa a ƙarƙashinsa, batu bayan batu. Ki lura: Gmail da Outlook suna jingina tsofaffin saƙonni a ƙasan amsarki. Idan kika ƙara sabon mutum cikin masu karɓa, zai iya karanta duk abin da aka tattauna kafin zuwansa, don haka ki duba ki share kafin ki aika.

Abin da ya fi damuna shi ne gutsure magana ta yadda ma'anarta za ta canza. Mutum ya rubuta, "Zan goyi bayan shirin idan an rage kuɗin," ke kuma ki janyo "Zan goyi bayan shirin" kawai. Kalmominsa ne, amma kin sa masa magana a baki, kuma wannan cin amana ne ko da ba ki yi niyya ba. Idan kin cire wani abu a tsakiya, ki sa ɗigo uku a wurin. Kada ki gyara masa ko harafi ɗaya a cikin abin da kika ce shi ya faɗa.

Saƙon da aka turo miki ke kaɗai kuwa, kada ki kawo shi guruf, ko rubutunsa ko hotonsa, sai kin nemi izinin mai shi ya amince.